Maɓallin da Lonan Ya Rufe wa Baki

Maɓallin mayafi ba ya riƙo sai bakinsa a buɗe yake. Wannan ko yaro ya sani. Zobe ne mai faɗin tafin hannu, an bar masa 'yar ƙofa a ƙasa, ga dogon tsinke yana yawo a jikinsa. Ka soka tsinken a cikin ulu, ka shigar da kansa ta ƙofar, ka murɗa zoben, shi ke nan. Iskar teku ta yi ta haukarta, mayafi na nan a kafaɗarka. Lonan maƙeri ya ƙera irinsa har ya manta adadi, saboda haka abin da ya yi a wannan kakar da gangan ya yi shi, kada wani ya nema masa uzuri.

Gidansa a tsakiyar tafki yake, a kan ɗan tsibirin da kakanni suka tara da duwatsu da itace. Da safe hazo kan kwanta a kan ruwan, har gidan ya zama kamar an rataye shi a sararin sama, ba ka jin komai sai kukan zalɓe da numfashin zugazugi. Nan yake zaune da matarsa Lasar, da ɗan riƙonsu Faelan.

Ɗa ba ya girma a gidan ubansa a ƙasarmu. Ana kai shi riƙo tun yana ƙarami, idan ya cika goma sha bakwai a zo a ɗauke shi. Haka Dunkad, mai shanu da gonaki a bayan tsauni, ya kawo musu Faelan a cikin jirgin fata, yaro mai majina har baki, yana riƙe da ƙafar ubansa yana tsala ihu. Lonan da Lasar sun binne 'ya'ya biyu tun a zanin goyo, Allah bai ƙara ba su ba. Yaron ya tarar da gida babu motsi, ya cika shi da fito. In yana ɗebo gawayi fito, in yana tuƙa jirgi fito, ko cikin hazo ba a neman inda yake, kunne kawai ake kasawa.

Sai ga saƙo daga bayan tsauni: ranar Samain, ranar da ake sauko da shanu daga tudu don shiga hunturu, Dunkad zai zo bakin tafki da doki ya tafi da ɗansa. Babu abin mamaki a ciki. Ɗan da ya ƙi amsa kiran ubansa ba shi da rabo a ƙasar kakanninsa, wannan ma kowa ya sani. Abin da ya rage wa uban riƙo shi ne kyautar sallama, kuma kyautar maƙeri ba ta wuce aikin hannunsa.

Lasar ce ta cire munduwarta ta azurfa ta ajiye masa a kan uwar maƙera.

"Narka," in ji ta. "Hannun nan ya tsufa, ba mai kallonsa."

"Ni ina kallo."

"Kai da ba ka gane cokalinka sai an miƙa maka?"

Ya zauna da kakin zuma yana sassaƙa. Kwana da kwanaki bai yarda kowa ya leƙa ba. In Faelan ya shigo, sai ya kife ƙwarya a kan aikin ya aike shi kamun kifi. Amma mace ba ta rasa hanya a gidanta. Wata rana da hantsi ta kawo masa kunun sha'ir da man shanu, ta ɗage ƙwaryar da bakin cokali.

Aiki ne da idonta bai taɓa ganin irinsa ba. A saman zoben ga naɗi uku kamar bayan katantanwa, kowanne yana fita daga cikin ɗan'uwansa, alamar haihuwa da rayuwa da komawa. A gefe ɗaya ga karen farauta, shi ne amana da tsaron gida. A ɗaya gefen ga zalɓe mai dogon wuya, shi ne tafiya da abin da ke tashi ya ƙetare ruwa. To amma inda ya kamata ƙofa ta kasance, Lonan ya toshe. Wutsiyar karen ta miƙe ta zama zare, ta hau, ta nutse, ta hau, ta nutse, ta shige wuyan zalɓen, ta zagayo ta koma bakin karen. Lasar ta bi zaren da farce har ta gaji, ba ta sami inda ya fara ba.

"Ina bakinsa?" ta tambaya.

"Haka ake yi yanzu a gidajen sarakuna. Ana rufewa, a sami wurin ado."

"To, sarkin tafki. Da me zai riƙe mayafin?"

"A ɗaure tsinken da igiyar fata."

"Azurfa a ɗaure ta da igiya kamar akuya." Ta ajiye ƙwaryar. "Maigida, ni za ka mayar jaka? Ina nan gidan lokacin da tsoho Ruadan yake koya maka. Me ya ce game da saƙa marar bakin zare?"

Lonan bai manta ba. Ruadan, wanda ya koya masa ƙira, mutum ne mai ƙarancin magana, amma wannan ɗayar ya nanata ta har ya mutu: saƙar da ba ta da farko ba ta da ƙarshe, ta dutsen kabari ce da littafin Allah. Mai rai kuwa, a bar masa kai da wutsiya, ya san ta inda zai fita.

"Ruadan ya ce kada a yi fito a maƙera ma," in ji Lonan. "Yaron nan shekara nawa yana yi? Rufin ya faɗo?"

"Ɗaure shi kake so ka yi."

"Maɓalli nake yi."

"Azurfata ce, ka tuna."

"Kin ba ni."

Ta tsaya tana dubansa, shi yana duban kaki. Da za ta fita ta ce, "Sha kununka, ya huce. Ni ma ba na son ya tafi. Amma ni ban iya ƙira ba, kuka kawai na iya, kuma kuka bai taɓa hana jirgi tashi ba."

Mutum in ya ƙudura son zuciya, ba ya rasa sunan kirki da zai laƙaba masa. Lonan ya kira nasa ƙauna. Ya lulluɓe kakin da yumɓu, ya ajiye gefen wuta ya bushe. Zafin wutar da nauyin kunu suka haɗu, da azahar gyangyaɗi ya ɗauke shi a zaune, bayansa jingine da ginshiƙi.

Ya ga tafkin ya daskare ya zama azurfa, faifai guda daga gaɓa zuwa gaɓa. Yana tafiya a kai ba takalmi, ba sanyi. A ƙarƙashin ƙafarsa zaren yana gudu, ya hau, ya nutse, yana sheƙi kamar kifi. Karen ya zo ya wuce shi a guje, harshe a waje, zalɓen na biye, fukafukansa a buɗe amma ƙafarsa ba ta barin ƙasa. Suka ɓace cikin hazo ta dama, suka ɓullo ta hagu. Suka sake wucewa. Kowane zagaye karen na ƙara ramewa, gashin tsuntsun na zuba a hankali kamar dusar ƙanƙara, ba ƙara, ba kuka. Lonan ya ga abin da kyau ƙwarai. Ya nemi ya kira karen, sai ya tuna bai sa masa suna ba. Can nesa wani yana fito, fiton na zagayawa tare da su, kowane zagaye yana ƙara sirancewa, har ya zama ba a jin komai sai taɓawar farcen kare a kan azurfa.

Ya farka wuta ta kusa mutuwa. An nuna masa, ba zai ce ba a nuna masa ba. Ya tashi ya zuga wutar, ya gasa yumɓun har kakin ya narke ya tsiyaye, ya narka munduwar matarsa, ya zuba.

Zubin ya fito ba tabo ko ɗaya. Ya goge shi da toka da fata har yana ɗaukar ido. Saura 'yan kwanaki Samain ya kira Faelan bakin ruwa, ya ɗora masa a tafin hannu.

Saurayin ya yi dariya da farko. "Baba, wannan ai sai ɗan sarki. In na sa shi shanun mahaifina za su yi ta gaishe ni."

"Su gaishe ka mana. Da me ɗan sarki ya fi ka?"

Faelan ya juya shi, ya nemi ƙofar da babban yatsa yadda kowa ke yi ba tare da ya duba ba. Yatsan ya zame a kan saƙa. Sai ya duba. Ya bi zaren da ido daga bakin kare zuwa wuyan zalɓe, ya dawo, ya sake bi. Dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali, kamar yadda ruwa ke janyewa daga yashi.

"Na gode, Baba," in ji shi. Ya nemo igiyar fata ya ɗaure tsinken a kafaɗarsa.

Daga ranar fito ya ɗauke a tsibirin. Faelan na ɗebo gawayi, yana zuga wuta, yana cin abin da aka ba shi, amma kamar mai tafiya cikin barci. In ya shiga jirgi ba ya nufar gaɓa. Sai ya yi ta zagaya tsibirin cikin hazo, a ga inuwarsa ta wuce ta bayan rumbu, a jima ta ɓullo ta wajen maƙera, filafili na shiga ruwa ba sauti. Lonan na tsaye a ƙofa yana kallo, yana jin kamar bai gama farkawa daga gyangyaɗin nan ba.

Ana jibi Samain, suna cin kifi da gurasar sha'ir, saurayin ya ce, "Ba zan tafi ba."

Lasar ta ajiye wuƙa.

"In mahaifina ya zo, a gaya masa ina gaishe shi. 'Ya'yan baffana su raba gonar. Ni maƙeri ne, nan zan zauna."

Zuciyar Lonan ta yi tsalle kamar ɗan maraƙi. Abin da ya roƙa ke nan, an kawo masa har gaban akushi. Ya ɗaga ido don su yi murna tare, sai ya ga yaron na kallon bango, yatsansa na bin saƙar da ke kafaɗarsa, yana zagayawa, yana zagayawa.

Washegari da safe ya tarar da Lasar a bakin ruwa tana wanke ƙwaryar madara.

"Saƙar ta kama shi," ya ce da ƙaramar murya. "Ashe maganar Ruadan gaskiya ce. Akwai wani abu a cikinta."

"Akwai wauta a cikinta, taka." Ba ta ɗago ba. "Wane tsafi? Wa ya koya masa cewa kare gida ne, zalɓe tafiya? Wa ya zaunar da shi a cinya yana nuna masa naɗi uku tun bai iya share hanci ba? Ka yi masa magana da harshen da kai ka koya masa, ya ji. Da ka buɗe baki ka ce kada ka tafi, da ya yi maka gardama, ku yi faɗa, ku shirya. Sai ka zuba maganar a azurfa, inda ba a mayar da amsa."

"Ban tilasta shi ba."

"A'a. Ka dai nuna wa yaro mai kunya cewa in ya fita, ya kashe ka. Wannan ya fi igiya." Ta zubar da ruwan. "Za ka samu abin da kake so, tsoho. Zai zauna, ya zuga maka wuta, ya binne ka, ya binne ni. Sannan ya zauna shi kaɗai a kan tulin duwatsun nan ba gona ba dangi, yana zagaya ruwa. Ka ƙera abu mai kyau, ba na musu."

Lonan ya juya ya tafi. Ya yini a maƙera bai kunna wuta ba.

Safiyar Samain hazo ya yi kauri har ba ka ganin ƙarshen hannunka. Daga gaɓa aka jiyo haniniyar doki, sannan muryar Dunkad, ƙatuwa, tana birgima a kan ruwa.

"Maƙeri, kana raye ko kifi ya cinye ka? Fito mini da ɗana, na ga ko ka ciyar da shi."

Faelan na zaune a kan dutsen da ake ɗaure jirgi, mayafinsa a kafaɗa, hannuwa a tsakanin gwiwoyi.

"Lonan," muryar ta sake zuwa, wannan karon ba wasa sosai a cikinta. "Na kawo masa doki. Uwarsa ta yi kwana uku tana dafe-dafe."

Lonan ya zo ya tsaya a kan yaron. "Ba ni maɓallin."

"Na Baba ne ko nawa?"

"Ban gama shi ba. Ba ni."

Faelan ya kwance igiyar, mayafin ya zame ya faɗi a kan duwatsu. Lonan ya shiga maƙera, ya danne zoben a kan uwar maƙera, ya ɗauki zarto. Ya ɗan tsaya, don shi ma ɗan Adam ne, kuma ya san hannunsa ba zai sake fitar da irin wannan saƙar ba. Sannan ya ɗora zarto a tsakiyarta, daidai inda wutsiyar kare ta shige wuyan zalɓe, ya fara ja. Ƙarar ta fita ta ratsa hazo har gaɓa, aka ji Dunkad na tambayar bawansa me ake yankawa. Garin azurfa na zuba a kan yatsunsa. Ya yanka nan, ya yanka can, ɗan guntun tsakiya ya faɗo ƙasa. Ya bi bakin biyu da magagari har suka daina yankan hannu.

Da ya fito da shi, aikin ya ɓaci, kada a yi ƙarya. Zaren ya tsinke a wuri shida ko bakwai, kowane maƙeri ya gani zai san an yi aika-aika. Amma kare na gefe guda da wutsiyarsa, zalɓe na ɗaya gefen da wuyansa, suna kallon juna, ga 'yar ƙofa a tsakani.

Ya ɗauki mayafin daga ƙasa, ya kakkaɓe, ya yafa wa saurayin. Ya soka tsinken, ya shigar da kansa ta ƙofar, ya murɗa zoben. Ya ja mayafin da ƙarfi. Bai motsa ba.

"Ka gani? Yanzu ya riƙe."

Faelan ya sunkuyar da kai yana duban kafaɗarsa. "Baba, ka lalata shi."

"Na lalata. Tashi, ubanka na jira."

"Wa zai zuga maka wuta?"

"Innarka. Ta daɗe tana zuga ni, ta gwada wuta kuma."

"Ka ji tsohon banza," in ji Lasar daga ƙofa, tana share ido da bakin zane. Ta zo da cuku da tuffa a ƙunshe ta cusa wa yaron a hannu. "In sun ba ka nama ka ci, kada ka yi musu kunya. Kuma ka riƙa wanke wuyanka."

"Inna, na girma fa."

"Wuyan bai sani ba."

Su uku suka shiga jirgin. Lonan ya karɓi filafili da kansa. Ba gaba ba baya sai fari, jirgin kamar yana tsaye ruwan ne ke tafiya. Wani zalɓe ya taso daga cikin ciyawa, ya wuce ta kansu a hankali, ya shige hazon. Muryar Dunkad kawai suke bi, yana kira yana ƙorafin sanyi, har gaɓa ta fito musu, da doki biyu da Dunkad mai jan gemu.

Dunkad ya rungume ɗansa, ya ture shi baya ya dube shi sama da ƙasa. Idonsa ya sauka a kan maɓallin.

"Kai, maƙeri, wannan azurfa ce ta gaske. Amma me ya sami tsakiyarsa? Ɓera ya ci?"

"Ƙofa ce," in ji Lonan.

"Ƙofa na gani. Adon fa?"

"Adon ya tsaya a hanya, na kawar da shi."

Dunkad ya yi dariya bai gane ba, ba kuma lallai ne ya gane ba. Faelan ya durƙusa gaban Lonan da Lasar, suka dafa kansa. Ya hau doki. Kafin ya juya ya ce, "Baba, in an mayar da shanu tudu zan zo. Ka ajiye mini gawayi."

"In ka zo ka ɗebo da kanka."

Hazo ya haɗiye dawakan tun ba su yi nisa ba. Lonan ya tura jirgin cikin ruwa. Sun kai tsakiyar tafki ya sa hannu a jakarsa ya fito da ɗan guntun da ya yanke, saƙa ce ƙarama kamar ƙwayar wake, ya miƙa wa matarsa.

"Ga abin da ya rage na munduwarki."

Ta juya shi a tafin hannu. Ta miƙa hannun a kan ruwa ta sake shi, yadda kakanni ke ba tafki rabonsa in sun roƙi abu ko sun gode. Ya nutse yana walƙiya, yana juyawa, har duhun ruwa ya rufe shi.

Can daga wajen tsauni, sama da inda hazon ya tsaya, aka jiyo fito. Siriri ne, yana nisa, yana ƙara nisa, kuma a miƙe yake tafiya. Lonan ya tsayar da filafili yana saurare har ya daina jin komai, bayan haka ma bai motsa ba.

"Tuƙa mana," in ji Lasar. "Kuma ka miƙe hanya, na bar madara a kan wuta."